Ranar da Na Amsa a Madadin Habsu

Bana shekara bakwai ke nan da aka kai ƙanwata Habsu makwancinta a Korgom. Kowace shekara sadakar waina nake yi, in yi mata addu'a, in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, don ɗiyarta Nana, mai goyo na biyu, ta zo Tasawa makon jiya ta ce in raka ta likita, wato asibiti, a sa mata robar tazarar haihuwa, irin wadda ake sawa a mahaifa. Ta ce, "Inna, da zahi?" Tambayar uwarta ke nan sak, kuma amsar da na ba uwar ba ta bar ni na huta ba har yau.

Ni dillaliyar wake ce, da tiya ɗaya na fara. Kasuwa ta koya mini abu biyu: a bar mai saye ya zura hannu har ƙasan buhu, sannan in ya fara waige-waige a rufe ciniki kafin zuciyarsa ta huce. Ranar da na kai Habsu likita, na biyun kaɗai na ɗauka.

Haihuwa biyar ta yi a jere, duk ta rame. Mijinta ya yarda ta huta. Ni na kawo shawarar robar, kuma har gobe ina ganin shawara ce mai kyau. Sai dai ranar kasuwa ce, mota na jirana da lodi. A bakin ƙofar likita ta kama gefen mayafina ta yi mini tambayar. Na ce, "Ke da kika haihi biyar? Allurar rigakahi ma ta hi shi zahi." Ban taɓa sa robar ba. Ban san komai a kanta ba, na dai faɗa da muryar wanda ya sani.

Mata sun cika benci, sajifam, wato ungozomar likita, ɗaya ce ke aiki. Ta tambaye ni ko an yi wa Habsu bayani, na ce an yi. Ta tambaye ta ko ta yarda. Habsu ta dube ni, na ce ta yarda. Ba wanda ya gaya mata za a sa ƙarfe a buɗe, a kama bakin mahaifa, ko cewa wata ciwon mara kawai take ji, wata kuwa kamar naƙuda. Ba wanda ya gaya mata tana iya cewa a dakata.

An raine mu a kan cewa mace ba ta kuka ko a kan gwiwa. Habsu ta ciji zanenta, ko tari ba ta yi ba, har sajifam ta yaba mata jarumta. Da ta fito ta yi amai a gindin bango. Na ce rana ce ta buge ta, na ɗora ta a kabu-kabu, na wuce wurin lodina.

Robar ta yi aikinta. Habsu ta huta, ta murmure. Amma ba ta ƙara taka likita ba, ko awon yara maƙwabciya ke kai mata. Da ƙululu ya fito mata a nono, wata da watanni tana ɓoyewa. Ranar da na gano na ce ta tashi mu tafi, sai ta ce, "Yaya, in mun shiga ɗakin nan, ni za a tambaya ko ke?" Kafin ta yarda a kai ta babban asibitin Maraɗi, abin ya yi nisa. Ajali na Allah ne, kuma ba roba ce ta kashe ta ba, kada wani ya karanta wannan ya hana matarsa. Amma na san ranar da ta daina yarda da mu, don ina tsaye a wurin.

Yanzu rediyo na ta shelar cewa zaɓin na mace ne. Na ji akwai ma'aikatan da ke ɗauko robar su nuna, su faɗi zafin tun kafin a hau gado, su yi maganar abin rage shi. Akwai kuma inda benci ke cike kamar da, da yayye irina masu saurin baki. Da Habsu na nan, ba na jin shelar za ta burge ta. Za ta so ta san ko mace na iya cewa a tsaya, a kuma tsaya ɗin.

Na zaunar da Nana na gaya mata duka, har da lodin. Ta daɗe tana gyara goyonta, sannan ta ce, "Kin taɓa ba ta haƙuri?" Na ce ban taɓa ba.

Habsu ba ta bar gona ko shanu ba. Ta bar ɗiya mai kamarta da sanyin muryarta, sai dai ita wannan in ta yi tambaya tana tsayawa sai ta ji amsa. Nana ta ce robar dai tana so, ranar Alhamis za mu je, ita za ta yi wa sajifam tambayoyinta da bakinta.

"Amma Inna, ke a waje za ki tsaya."

Na ce to.