Ruwan Da Muka Ba Mota

Har yau in na ji warin inji da ya yi zafi, wannan wari na tsatsa da tafasasshen ruwa, sai maƙogwarona ya bushe. Nan take nake komawa cikin landirobar kawuna, a bazarar shekarar fari, kan hanyar rairayi daga ƙauyenmu na wajen Alela zuwa Konni.

Kawu direban malaman dabbobi ne, motar ba tasa ba ce, amma wa ya isa ya faɗa masa? Ya fi shafa ta fiye da yadda yake shafa kan 'ya'yansa, in yaro ya jingina da ita sai ya sha rankwashi. Ran nan kuwa shi da kansa ya buɗe mana ƙofa, don ƙyanda ta kama ƙanena, jikinsa ya yi zafi har ba ya gane mutane. Inna ta rungume shi a gaba, ni da kaka muna baya, za mu gidan likita.

Rana na tsaka sai tururi ya taso daga gaban mota. Kawu ya kashe ta, ya ɗaga murfi, ya tsaya ta huce. Ya taɓa belin fanka, lafiya lau. Ya bi tiyo da yatsa, bai ga komai ba. Da ya kwanta a ƙarƙashi ya ga inda kututture ya soki lagireto, ruwa ya tsiyaye cikin yashi. Ya murza sabulu ya liƙe wurin, ya karɓi garin kukar miyarmu ya zuba ciki, wai in ya kumbura yana toshe ɓula. Gyara ya yi, saura ruwa. Jarkarsa ta ƙare tun hantsi, rijiyoyin hanyar duk sun ƙafe. Abin da ya rage shi ne goran Inna, wanda take jiƙa leɓen yaron da shi.

Kawu yana tsaye yana kallon goran, Inna ta ƙanƙame shi.

Kaka ce ta ce, "Ba shi goran, ɗiyata. In motag ga ba ta tashi ba, nan yaron ga za ya cika hannunki."

Inna ta ce, "Shina kiran ruwa fa, Iya."

"Na jiya. Ba shi."

Na ji ƙarar ruwan yana sauka cikin ƙarfe, na tsani motar nan kamar mutum. Ta tashi kuwa, ba ta ƙara zafi ba. Ƙanena ya yi ta cewa ruwa, ruwa, muryarsa na ƙanƙancewa. Muna hango gidajen Konni ya yi shiru, rai ya yi halinsa.

Likita ya ce ko ya sha ba abin da zai sake. Inna ba ta taɓa yarda ba, ba ta kuma zargi kowa ba. Kawu ya ci gaba da tuƙi, sai dai ban sake ganin ya shafa motar ba.

Yanzu motoci sun yi yawa, ba mai zuba kuka a inji. Ko'ina aka tsaya yara na turo ruwan leda mai sanyi ta taga. Nakan saya in riƙe a cinya har ya ɗumame, na rasa wanda zan ba.