Rigar Fatar Malam Maitama

A bakin kasuwar Funtua, wajen da 'yan acaɓa ke jera babura, akwai wata rumfar kwano da Malam Jibo baduku ya shekara talatin da ɗoriya yana aiki a cikinta. Haifaffen Maska ne. A wurin mahaifinsa ya koyi ɗinkin takalma da kuben wuƙa. Da babura suka cika gari, rigunan fata na gwanjo suka biyo su, sai ya koma gyaransu, don babu telan da allurarsa ke huda su.

Mutum ne mai zafin zuciya, kuma kusan duk faɗansa a kan fata yake. In ka kawo masa riga ba ya duban fuskarka, sai ya murza hannunta ya shinshina. In ta tunkiya ce, ya ce laushin banza gare ta, ƙusa ɗaya ta ishe ta. Ta saniya kuwa sai ta shekara biyar a jikinka kafin ta saki. Ta akuya yake so, wadda tana tsufa tana ƙara kyau. Amma in ya tarar ta roba ce aka yi wa zanen fata, ko ka wanke ta gaske da omo ka shanya a rana har ta ƙandare, to ka shirya jin baƙar magana.

Duk rayuwarsa riga ɗaya ya ɗinka tun daga farko, ta abokinsa Malam Maitama malamin gona. Fatun akuya shida ya zaɓo da hannunsa wajen majema a Malumfashi, ya yi wata biyu a kanta da basilla. Shekara ashirin da biyu Maitama na hawan babur da ita daga wannan ƙauye zuwa wancan. Duk farkon damina da bayan girbi sai ya kawo ta, Jibo ya shafe ta da man kaɗe ya rataye a inuwa, su zauna hira. Jar rigar ta yi duhu kamar dabino. Igiyar jakarsa ta kwanta mata a kafaɗa. A hannun hagu akwai tabon ranar da ya faɗi a hanyar Musawa, rigar ta ɗauki gurzar tsakuwa, shi ya tashi lafiya.

Bara Allah ya yi wa Maitama rasuwa.

Bayan wata huɗu, Jibo ya bi ta layin 'yan gwanjo zai sayo zare, sai ya hangi wata baƙar riga tana ƙyalli a tsakiyar rana a gaban shagon wani Mannir. Har ya wuce ya dawo. Ya juya wuyanta, ya ga ɗinkinsa.

"Mannir! Me ka shafa wa rigar nan?"

"Fenti ne, Malam. Ta koɗe, shi ne na sabunta ta. Yanzu ka ga kamar ta Landan."

"Ta koɗe? Shekara ashirin da biyu ana gina launin nan, ka zo da fentin ƙofa ka kashe shi a wuni ɗaya! Ba ka ji yadda ta bushe ba? Kwana nawa tana gasuwa a nan?"

"Malam, ni kasuwa nake yi. Zubair ɗan marigayin ya kawo, na ba shi sabbi biyu, ya tafi yana godiya."

Jibo ya fizge rigar daga igiya, mutane suka taru, sai da aka shiga tsakani. Bai tsaya ciniki ba, ya biya abin da Mannir ya faɗa ya tafi da rigar.

Mako uku yana kanta. Ya jiƙa tsumma da kananzir kaɗan yana gogewa a hankali, yana bi da man kaɗe. Fentin ya fita a baya da ƙirji, tabon hannun hagu ya sake bayyana. Kafaɗun ne suka ƙi. Rana ta dafa fentin a cikin fatar, ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Ranar da ya tabbatar ba za su dawo ba, ya rufe rumfa tun azahar.

Damina na tsakiya sai ga Zubair, magidanci mai 'ya'ya biyu, ɗan acaɓa, da ɗaya daga cikin sabbin rigunansa. Duk ta sale, baƙin yana zuba kamar ɓawon gyaɗa.

"Baba, a taimaka a liƙe mani ita."

"Da me? Leda ce, kai wa mai faci."

Zubair ya hangi rigar mahaifinsa a rataye. Sai ya ce, "Baba, wallahi ban san darajarta ba. Abokai ke mani dariya, wai na sa kayan tsofaffi."

"Ba ka sani ba? Sau nawa ka ga ya kawo ta nan? Ko tambayata ka yi? Taku nawa ne daga inda kake ajiye babur zuwa rumfar nan?"

"A yafe mani, Baba. A ba ni, zan riƙe ta."

"Ka riƙe ta sau ɗaya, na ga riƙon. Tashi ka ba ni wuri."

Sau uku Zubair na dawowa, sau uku ana korarsa. Sai da Hajiya Sadiya, matar marigayin, ta aiko cewa tana son ganin rigar mijinta. Jibo ya naɗe ta a farin ƙyalle ya kai da kansa. A zaure ya miƙa, ya ce, "Hajiya, ke na ba wa, ba shi ba. Kada a sa ta a leda, kada ta ga rana."

Tun daga lokacin ya daina karɓar rigar roba ko da maɓalli za a sa mata. Rabin masu zuwa wurinsa suka koma wani wajen, iyalinsa suka yi magana har suka gaji. Zubair na gaishe shi kullum da safe in ya zo wucewa. Jibo na amsa sallamar, don wajibi ce, amma har yau bai ɗaga kai daga ɗinkinsa ba.