Shirun da Isuhu Ya Roƙe Ni a Jirgin Iskandariyya

Shekara goma sha shida ke nan da muka kai Isuhu Badamagare makwancinsa a wata maƙabarta da ke gefen Alƙahira, kuma har yau idan watan ya kama sai in rasa inda zan sa kaina. In zauna a shago, in tashi, in leƙa titi, in dawo. Maiɗakina ta riga ta gane alamar. Da ta ga ina zagaye tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin saka, sai ta ce, "Watan mutumin naka ya tsaya ke nan." Bana na ce maimakon in cinye takalmi a banza, gara in zauna in rubuta.

Sunana Garba, amma duk wanda ya san ni a Masar Rediyo yake ce mini, kuma Isuhu ne ya laƙaba mini sunan. Na je Alƙahira karatu a farkon shekarun casa'in. Karatu ya dube ni, na dube shi, muka rabu lafiya ba tare da an je gaban alƙali ba. Sai na koma raka 'yan kasuwarmu kasuwar Ataba ina yi musu tafinta, sana'ar da ba ta buƙatar jari sai baki, ni kuwa Allah ya hore mini. A can na gamu da Isuhu, yana sarin jallabiyoyi da takalma yana turawa Nijar. Bakano da Badamagare ba sa haɗuwa a rabu ba a taɓa wasa ba. Ya ce ni bawansa ne, na ce kakana ne ya sayi kakansa da ƙullin barkono, har aka ba shi gyara. Kafin wata ya ƙare mun kama gida ɗaya a unguwar Hayyis Sabi'.

Mutum ne marar magana. Kalmomin da yake furtawa a mako ba su kai waɗanda nake zubarwa kafin in karya kumallo ba. Abu ɗaya ne ke kwance masa harshe, shi ne ƙwallon zari-ruga, wanda ya koya a makaranta a Yamai hannun wani malami Bafaranshe. Ga wanda bai taɓa gani ba: ƙwallo ce mai siffar ƙwan jimina, ƙarti goma sha biyar a kowane ɓangare, a runguma a ruga, a kama mutum a kayar, wani lokaci kuma su duƙa su haɗa kawuna suna ture juna kamar ragunan layya. Kana son zuwa gaba, amma doka ta ce baya za ka jefa wa ɗan'uwanka. Ranar da na fara gani na ce masa, wasan da ake nufin gaba ana jifa baya, ai ba sai an faɗa ba, Damagarawa ne suka ƙirƙiro shi.

Akwai wata ƙungiya da muke kira 'Yan Ashir, don yawancin 'yan wasan a Hayyin Ashir suke zaune: ɗaliban Sudan, Senegalawa biyu, wasu Misirawa, da wani direban ofishin jakadanci mai wuya kamar turmi. Isuhu ba ɗan wasa ba ne, gwiwarsa ta daɗe da yin ritaya. Ba shi ne mai horarwa ba. Shi ne dai mai wanke riguna ya shanya su a barandarmu, shi ke yanka lemo, shi ya san wanda uwarsa ba ta da lafiya da wanda takardar zamansa ta kusa ƙarewa. Iyalinsa suna Damagaram, sau ɗaya yake ganinsu a shekara. Sauran watannin waɗannan ƙartin ne danginsa.

Wata makaranta a Madinat Nasr ce ke ba su aron fili mai ciyawa, bisa sharaɗin suna rukunin sama na 'yar gasar da ake yi, domin shugaban makarantar mutum ne mai son a ambace shi. Ranar da suka faɗo rukunin ƙasa, ranar za a rufe musu ƙofa. Wanda ya zauna Alƙahira ya san samun ciyawar da za a kayar da mutum a kai ya fi samun kujera a motar safe wuya. A waccan shekara, ƙarshen shekarun casa'in, an yi ta cin su har na fara tausaya wa rigunan. Wasa ɗaya ya rage, a Iskandariyya. In sun ci sun tsira, in ba su ci ba filin ya tafi.

Idan ina ba da labarin a majalisa nakan ce magoya baya mun cika tarago uku. Yau da yake maganar mamaci ce, mu biyu ne, ni da Isuhu da buhun lemo. 'Yan wasa sun riga mu tafiya a mota. Mun kama jirgin safe daga tashar Ramsis, kuma tunda muka tashi Isuhu bai zauna ba. Ya buɗe buhu, ya ɗaure, ya leƙa taga, ya tambayi mai duba tikiti ko jirgin yakan makara, ya sake tambayarsa. Da muka wuce Tanta ya zauna kusa da ni.

"Rediyo, abu ɗaya zan roƙe ka."

"Faɗi, bawana, yau na tashi da alheri."

"Ka yi ihu iya son ranka. Amma idan ka ga Tijjani ya ajiye ƙwallo a ƙasa ya ja da baya, ka kashe tashar. Kowa shiru yake yi a lokacin, har abokan karawa. Haka ake yi."

"Tamam," na ce, bakina cike da ta'amiyya, ƙosan Misirawa. Maganar ta shiga ta dama ta fita ta hagu, ba ta ko tsaya shan ruwa ba.

Tijjani shi ne mai yi musu bugu. Bahaushen Sudan ne daga Gadarif, yana karatun haɗa magunguna, Hausarsa rabinta Larabci. Duk filin, ban da mu biyu, shi kaɗai ke jin Hausa.

Iska tana kaɗowa daga teku, mutanen gari sun cika 'yan bencinansu, ni kaɗai na tsaya musu. Na zagi alƙali da harshe uku, ciki har da Faransancin da ban iya ba. Yaranmu kuwa suka yi wasan da ban taɓa ganin sun yi ba. Direban nan ya ɗauki mutum huɗu a bayansa ya yi tafiya da su kamar bai san suna wurin ba. Isuhu yana ta kai-komo a bakin layi, wuƙar lemo a hannu, ya manta da ita. Lokaci ya kusa cika ana gabanmu da maki biyu, sai alƙali ya busa, ya ba mu bugu. Idan ƙwallo ta bi tsakanin dogayen sandunan nan biyu, maki uku ne, mun tsira.

Tijjani ya tara 'yar ƙasa, ya kafa ƙwallo a kai, ya ja da baya. Fili ya yi tsit, har ina jin tekun.

A nan nake so mai karatu ya yi mini adalci, ko da ni ban yi wa kaina ba. A gidan dambe da filin kokawa na girma. A wurinmu, idan namiji ya fito tsakiyar fage ba kiɗa ba kirari, maraya ne, an sallama shi. Na dubi yaron nan tsaye shi kaɗai a garin mutane, ba mai ce masa ko sannu, sai na ji abin ya tokare ni. Ban manta roƙon Isuhu ba, kada in yi wa mamaci ƙarya. Na tuna, na ga kawai ni na fi shi sanin abin da namiji ke buƙata. Na hau benci na buɗe murya.

"Tijjani guduma, jikan masu zuwa Makka a ƙasa! Kakanka ya tako daga Sakkwato har bakin Nilu bai yi tuntuɓe ba, kai ne taku uku zai gagara?"

Ya riga ya taso. A taku na biyu ya ɗago kai ya dubi inda nake. Ƙwallon ta tashi, ta bi ta gefen sandar hagu da tazarar da ba ta fi kamu ɗaya ba, ta wuce. Nakan ce ta faɗa teku tana Girka yanzu haka. Gaskiya a bayan wata motar kankana ta sauka. Alƙali ya busa tashi.

Magana zarar bunu ce. Na sauko daga bencin ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Su kuwa mutanen wasan nan suna da wata al'ada: a jeru layi biyu, a tafa wa juna, sannan masu gida su ciyar da baƙi. Isuhu ya tsaya a ƙarshen layi yana tafa wa waɗanda suka raba shi da filinsa, idanunsa jawur. A wurin cin abinci Tijjani ya zo ya dafa ni ya ce, "Ya akhi, wallahi tun rasuwar kakata ban ji an kira ni haka ba." Har yau ban san ko godiya ce ko ƙara ya kai ni ba.

Muka kamo jirgin la'asar. Damanhur ta wuce, Tanta ta wuce, Isuhu yana kallon gonaki. Na buɗe baki sau ɗari ina rufewa. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Sai da muka zo Banha ya juyo.

"Juma'a mai zuwa kai za ka ɗauki bututu."

"Wane bututu?"

"Na sanduna. Akwai kango a bayan Ashir. Khalas."

Iyakar hukuncin ke nan. Kangon yashi ne da tsakuwa da fasassun kwalabe. Da bututun famfo muka haɗa sanduna, a kafa da safe a cire da azahar don kada a sace. Makon farko mutum bakwai suka zo. Senegalawan sun koma wata ƙungiya, Misirawan ma haka, kuma ban ga laifinsu ba, faɗuwa a kan tsakuwa ba faɗuwa a kan ciyawa ba ce. Shekara uku ina saɓa bututun nan a wuya, shi ya sa kafaɗata ta dama ta fi ta hagu gangara, duk telan da ya auna ni sai ya yi salati. 'Yan Ashir ba su sake hawa ba, ba su sake taka ciyawar makarantar nan ba. Isuhu bai fasa yanka lemo ba.

Na tambaye shi ya fi a ƙirga, ni ne na sa bugun Tijjani ya kauce ko ba ni ba ne? Wata rana ya ce iska ce. Wata rana ya ce ma'alish, wato ba komai. Wata rana ya ce, "Bakano, miƙo gishiri." Wannan tambaya ce ke tashe ni zagaye duk shekara, kuma wanda zai amsa ta ya tafi da amsarsa.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Zuwana Alƙahira na ƙarshe na nemi kangon na rasa, benaye sun cinye shi, na tsaya ina nuna wa mai tasi inda sanduna suke yana duban agogo. A nan gida kuwa gidajen kallo sun cika da matasa masu goyon bayan ƙungiyoyin da ba su san da zamansu ba, in an ci su mako biyu a jere su sauya riga. Kowa da waya, kowa da sharhi, kafin mutum ya ɗaga ƙafa an yanke masa hukunci. Zamanin ya zama na rediyoyi, har ni an fi ni. Ina jin da Isuhu zai duba ya yi murmushin nan nasa na gefen baki, ya tambaya ko a cikinsu akwai mai wanke riga.

Ciwon hanta ne ya kwantar da shi. Kullum da hantsi ina asibiti, ina zuba masa labarai, na gaskiya da na ƙari, yana saurare ido a rufe. Ranar ƙarshe na shigo da wani sabo mai zafi a kan wani Alhaji da ya ɓace a Ataba. Na fara ke nan na ga numfashinsa ya sauya. Ya gyara kansa a kan matashi, ya kafa ido wuri ɗaya, kamar mai auna nisa. Na san wannan kallon, na taɓa ganinsa a Iskandariyya. Na sunkuya na faɗi kalmar shahada sau ɗaya a hankali, ya maimaita. Malamai sun ce idan majinyaci ya faɗe ta kada a ƙara jansa da magana, don ta zama ta ƙarshe a bakinsa. Labarin Alhajin yana kan harshena, da ban haƙuri, da tambayar nan tawa. Na danne su duka. Ya kai kusan awa ɗaya kafin ya cika, kuma ban taɓa yin shiru mai tsawon haka ido biyu ba.

Idan na auna abin da ya rage na Isuhu, ba shi da yawa a ido. Ba kofi, ba fili, ba hoton kirki. 'Ya'yansa sun girma a Damagaram, muna gaisawa. Tijjani yana da kantin magani yanzu, tsohuwar ƙwallo tana kan kanta a bayansa, kuma duk wanda ya rage na 'Yan Ashir ya san gidan ɗan'uwansa, in ɗaya ya kwanta sauran suna zuwa da lemo. Ni kuma hali zanen dutse, ban daina surutu ba, maƙwabta shaida ne. Amma idan na ga mutum ya ajiye abin da ya dame shi a gabansa ya ja da baya yana tattara kansa, ko ɗiyata ce za ta faɗa mini magana mai nauyi, ko abokin ciniki ne da aka yi wa rashi, sai in ji muryar nan daga taragon jirgi, in kashe tashar.

Allah ya jiƙanka, bawana, ya sa ka sauka a kan ciyawa. Shirun da ka roƙa a Tanta ya makara shekara goma, amma na kawo maka shi.