Ramin da Na Haƙa a Misfala

A shekarata ta uku a unguwar Misfala ta Makka ba iƙama, wato takardar zama, na sayi gilashin fitila, aka naɗe mini shi da shafin wata mujalla. Hoton wani ƙauye ne a Italiya: ganuwa kewaye, lunguna masu rufi kamar zauren da ya manta inda zai tsaya, ga kuma zanen ramuka a ƙarƙashin gari, inda mutanen dā ke sulalewa in an kawo musu yaƙi. Na koyar da labarin ƙasa a Kano, amma sai ranar na ga amfaninsa.

Nawa yaƙin da 'yan jawazat ne, masu duba takarda. In suka kama ka, sai Jidda, sai jirgi.

Na nuna wa maƙwabcina hoton, wani tela Bazazzagi da bango ɗaya ya raba mu. Ya ce, "Malam, ashe Turawan ma gafiyoyi ne." Ya sha faɗa mini takardarsa na cikin akwati. Ni ma abin da nake faɗa masa ke nan.

Na ɗage tabarma na fara haƙa, na nufi ɗakinsa, don ba mai tsananta bincike a gidan mai takarda. Ƙasar Makka dutse ce da aka yafa wa yashi. Wata biyar ina kwasa da kwanon sha. Wani lokaci nakan ji ƙwanƙwasa daga gaba, in ce amsa-kuwwa ce, har in yaba wa kaina sanin kimiyya.

Ran da 'yan jawazat suka shigo lungunmu da hantsi, ramin bai ƙarasa ba. Haka na faɗa ciki na ja tabarma. Ina rarrafe sai ƙasar gabana ta rufta, goshina ya gwaru da wani goshi.

Muryar tela ta ce, "Matsa, Malam, ɗakinka za ni."

"Ni ma naka za ni. Ina takardar?"

"Tana inda taka take."

Ba wurin wuce juna. Muka kwanta kai da kai, takalma na yawo a samanmu.

Ya raɗa mini, "Bakano, ɗanyar albasa ka ci?"

"Yi shiru, bawana. Gafiya ba ta magana."

Suka leƙa ɗakuna biyu, ba kowa, suka wuce. Sai da aka kira azahar muka fita, kowa da baya-baya, ta inda ya shigo.

Na sake duba hoton. Ramukan Italiya duk a bayan ganuwa suke ɓulla. Namu bai kai ko'ina ba, kuma ran nan duk wanda ya gudu ya kai wani wuri a lungunmu, a hannunsu ya faɗa, Jidda ya kwana.