Shirun da ke Bayan Gaisuwa

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar Tanimu, ɗan goggona kuma taubashina. A gida ɗaya muka tashi a Magajin Gari cikin Birnin Gwari, kuma a gidan rediyo ɗaya muka yi aiki a Kaduna, inda ya riga ni shiga da shekara tara. Ni mai gabatar da shiri ne, muryata ake ji. Shi kuwa yana sashen binciken masu sauraro, wani ɗaki mai tebur biyu a ƙarshen baranda, wanda yawancinmu ba mu san abin da ake yi a cikinsa ba. Da ya rasu, babu mai sauraron da ya san an yi rashi, domin bai taɓa magana a rediyo ba.

Aikinsa shi ne gano abin da ke samun magana bayan ta bar bakinmu ta shiga kan mai ji: me ya kama, me ya zubar, me ya ƙara da kansa, me kuma ya rage masa bayan ya kwana. Ba a ganin wannan da ido, tambaya kai tsaye kuma ba ta fito da shi. Yakan ce idan ka tambayi mutumin garinmu ko ya gane, zai ce maka ƙwarai kuwa, saboda kai baƙo ne kuma ka sha hanya. Ladabinsa ka auna, ba fahimtarsa ba. Don haka ban taɓa jin Tanimu ya tambayi wani ko ya gane ba.

Na san yadda yake aiki ne ta dalilin wani shiri da na rubuta ana gab da damina. Malaman gona za su raba irin masara da aka cuɗa da magani, mai launin ja. Shirin ya bayyana yadda ake shuka shi, amma abin da ya fi komai muhimmanci a ciki gargaɗi ne guda: ragowar irin guba ce, ba a ci, ba a ba kaji. Na yi wata dabara da nake alfahari da ita. A tsakiyar shirin na sa gaisuwa ga ƙauyuka da sunayensu, kamar yadda aka saba, sannan na ɗora gargaɗin a bayanta kai tsaye. Lissafina shi ne duk wanda ya ji sunan ƙauyensu zai buɗe kunne. Shugaban sashenmu ya yaba, aka sa ranar watsawa. Saura kwana biyar Tanimu ya leƙo ofishina ya ce, “Sarkin surutu, kawo kaset ɗin nan mu kai shi gida a ji ko Hausa kake yi.”

Muka kwana a Birnin Gwari, da safe muka hau babur zuwa Kusasu. A lokacin ana ratsa dajin ba tare da waige ba. Abin da ake tsoro kawai shi ne yashi ya kwashe taya. Bayan la'asar manoma suka taru a gindin wata ɗorawa, wani dattijo da ake kira Baba Dogo yana gaba a kan buzu. Tanimu ya ajiye rikoda a kan turmi, ya kunna, ya koma gefe inda yake ganin fuskoki, agogo a hannun hagu, littafi a kan gwiwa. Ni ya hana ni yin magana, don kada su gane muryar su shiga jin kunyata.

Aka zo kan gaisuwa. Muryata ta ce muna gaishe da manoman Kusasu. Wurin ya ɗauka gaba ɗaya: “Muna amsawa!” Wani ya buga cinya, wani ya ce yau an san da mu a Kaduna, Baba Dogo ya juya yana tambayar ko an ambaci Randagi kafin su ko bayan su. Na ji daɗi har cikin raina. Tanimu ya duba agogo ya rubuta wani abu. Da shirin ya ƙare, Baba Dogo ya ce, “Madalla, magana ta fita sarai.” Na kalli Tanimu kallon wanda ya ci gasa. Shi kuwa ya rufe littafinsa ya ɗauke rikoda.

Washegari bai koma wurin waɗanda suka saurara ba. Ya nemi izini muka shiga gidan ƙanen Baba Dogo, muka tarar da matar ƙanen, Ladi, tana surfe. Ba ta je gindin ɗorawar ba, abin da mijinta ya kawo mata kawai ta sani. Wannan ita ce hanyar Tanimu: ya bar magana ta kwana, ta wuce ta bakin mutum ɗaya, sannan ya je ya ga abin da ya iso. Ya gaishe ta da Gbagyi, yaren da ya iya tun yana yaro, suka koma Hausa saboda ni.

“Inna, me maigida ya ce an faɗa a rediyon jiya?”

“Ya ce an gaishe mu. Ya ce za a kawo masara ja, a riƙa sa biyu a rami.”

“To in an gama shuka ta yi saura fa?”

Ta dube shi kamar ya yi tambayar yara. “A wanke a kai niƙa mana, ɗana. Ana zubar da masara ne?”

Tanimu ya durƙusa ya yi mata bayani a hankali, da Hausa da Gbagyi, sannan ya roƙe ta ta maimaita masa kamar yadda za ta faɗa wa maƙwabciyarta. Muka bi sauran gidajen ɗaya bayan ɗaya har azahar. Ya ce mu muka kawo kaset ɗin, ba za mu tafi mu bar rabin magana a garin mutane ba. A duk gidajen da muka shiga, a gida ɗaya kawai gargaɗin ya iso.

A hanya ya tsayar da babur ya nuna mini littafinsa. Ya rubuta daidai lokacin da aka fara amsa gaisuwa da lokacin da aka yi shiru. Gargaɗina gaba ɗayansa ya faɗa ne a tsakanin biyun. Kuskuren nawa ne, kuma irin wanda bai kamata ɗan gari ya yi ba. Na san mutanenmu ba sa barin gaisuwa ta faɗi ƙasa, ko da daga akwati ta fito. Mai amsa gaisuwa kuwa ba ya sauraro.

Na ce to a cire gaisuwar kawai. Ya ce a'a, wanda ba ka gaisar ba ba zai ɗauka da shi kake ba. Ya kuma hana ni taɓa komai a rubutun, domin in mun canja abu biyu ba za mu san wanne ya yi aiki ba. A ɗakin goggo muka sake ɗaukar shirin, kalma da kalma, da bambanci ɗaya: bayan gaisuwa na yi shiru har na ƙirga goma a zuci. Muka kai shi Randagi, wurin mutanen da ba su ji na farko ba. Suka amsa, suka yi dariya, suka lafa, sannan muryata ta dawo. Washegari matar farko da muka tambaya ta ce, “An ce jar ba ta tukunya ba ce, ko kaza kada ta gani.” Haka aka watsa shi. Tanimu ya ce, “Ka ga, Sarkin surutu, mafi amfanin abin da ka taɓa yi a rediyo shi ne rufe baki.”

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu saƙo a waya yake yawo, kuma kullum ana nuna mana adadin waɗanda suka buɗe shi, ana murna. Ina jin zai duba lambar ya tambaya cikin nutsuwa ko akwai wanda ya je ya ji abin da ya kwana a kan mutum ɗaya daga cikinsu. Zai kuma yi baƙin cikin hanya. Aikinsa na zama ne kusa da mutane, a ga lokacin da kai ya juya, a dawo gobe. Na yi shekaru ban taka Kusasu ba, saboda dajin da muka ratsa muna gardama ya zama wurin da ake shiga da addu'a. Ban san ko Ladi tana raye ba. Ban san ko ɗorawar tana tsaye ba.

Littattafansa ba su tsira ba, gara ta cinye su a cikin kwali. Sashensa ma an haɗe shi da wani, ɗakin ya zama ma'ajiya. Bai rubuta komai da sunansa ba. Abin da ya rage shi ne 'yan ɗabi'u a jikin mutum biyu ko uku da suka yi tafiya da shi. Ni dai har yau ba na tambayar jikokina ko sun gane aike. Nakan ce su faɗa mini abin da za su ce idan sun isa. Allah ya jiƙan Tanimu, ya sa ya huta.

A watan jiya aka gayyace ni karanta wata sanarwa ga manoma. Na gaishe da ƙauyukanmu da sunayensu, sannan na yi shiru ina ƙirgawa. Mai kula da na'ura ya ɗago kai ya ce, “Baba, an samu giɓi a nan, bari in yanke shi.” Na ce masa kada ya taɓa, ana amsa mini ne a Kusasu.