Daminar da Motar Baba Ta Yi Kuka

A daminar da ƙanwata ke ɗauke da cikinta na biyu ne motar Baba ta fara kuka daga baya. Lokacin muna zaune a unguwar Goudji, cikin gidan da ba a gama gininsa ba, ni da Baba da Inna. Aurena ya mutu, na dawo gida da keken ɗinkina. Ƙanwata kuwa tana aure a Walia, ƙetaren kogi. Haihuwarta ta fari da ƙyar ta sha, jaririn bai zo da rai ba, kuma likita ya ja mana kunne cewa wannan karon da zarar naƙuda ta taso a kawo ta asibiti cikin gari, kada a tsaya jiran kowa. Mijinta direban babbar mota ne, kullum yana hanya. Don haka bayan Allah, dogaronmu yana kan tsohuwar katkat ɗin Baba, irin dogayen motocin nan masu shiga yashi da laka.

Baba makanike ne tun kafin a haife ni, amma ƙarar injuna ta cinye masa kunne. A shekarun nan sai ka tsaya gabansa, ka ɗaga murya, yana kallon bakinka, sannan zai gane abin da kake faɗi. Dalilin da ya sa ya rufe garejinsa ke nan, ya kwaso kayan aikinsa ya zuba a ɗakin da ba a yi wa rufi ba.

Muna dawowa daga Walia ne da yamma, mun kai wa ƙanwata garin kunu da busasshen kifi, na fara jin abin. Muna hawa gada sai wani sauti ya taso ƙarƙashin kujerar da nake zaune, siriri, kamar wanda ke hura bakin kwalba. Baba na ƙara totur yana ƙara tashi. Na dubi Inna, na ga ita ma ta ji, bakinta har ya fara motsi da addu'a. Gadar ƙunci gare ta, ga babura, ga amalanke, ga kogi ya cika ya yi jajir a ƙasanmu. Na miƙa hannu na taɓa kafaɗar Baba.

"Baba, motar tana kuka!"

"Na'am?"

"Kuka take yi! Daga baya!"

Ya ɗora tafin hannunsa kan sandar giya, ya bar shi nan, ya rage gudu. Ta madubi na ga fuskarsa ta sauya, abin da ya fi kukan kansa tayar mini da hankali.

Da muka isa gida ya zaunar da ni kan benci. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Uwata, ni ban ji komai ba, hannuna kaɗai ya ji ɗan rawa. Gobe ke za ki ji mini."

Na ce masa me zai hana a kai ta gareji. Ya ce damina ce, duk garejin da ka leƙa motoci sun yi layi, wanda ya karɓe ta zai ajiye ta ne sai ya ga dama, mu kuma ba mu san ranar da za a aiko daga Walia ba. Gyaran yana iyawa. Wurin ciwon kawai yake so a nuna masa, kada ya kwance abin da lafiyarsa lau.

Da safe muka ɗauki hanyar Gaoui, inda babu cunkoso. Ya naɗe kujerun baya, na kwanta na manna kunnena da ƙasan motar. Muka shirya cewa in kukan ya ƙaru in ɗaga hannu, in ya ragu in sauke, shi yana kallona ta madubi. Ya taka totur, kukan ya haura har cikin haƙorana, na ɗaga hannu. Ya ɗage ƙafa, sai sautin ya koma gurnani, kamar ana niƙa tsakuwa a nesa. Ya karkata hagu, ya karkata dama, babu abin da ya canja. Muka sauka daga kwalta zuwa turɓaya, kukan yana nan yadda yake. Sannan ya tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi, na faɗa masa duk abin da na ji, ina yi ina kwaikwayon sautin da baki, yana kallon leɓɓana.

"Ba taya ba ce," in ji shi. "Da taya ce, da ya canja a turɓaya. Ba kuma rulmar ƙafa ba ce, da ya canja a kwana. Pon ne."

Pon shi ne tulun ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, wanda 'yan Najeriya ke kira bakaksil. A cikinsa akwai haƙora da ke karɓar juyi daga farfela, dogon sandan ƙarfen da ke kawo juyin inji ta ƙarƙashin mota, su raba wa tayoyi biyu, da rulma, wato zoben ƙarfe mai 'ya'ya da haƙoran ke juyawa a kai. Na tambaye shi abin da zai faru in an ƙyale shi haka. Ya goge hannunsa da tsumma ya amsa.

"In rulmar ta farfashe, haƙoran za su cije. Tayoyin baya su ƙame wuri ɗaya, mota tana gudu."

Nan take a raina na ga gada, na ga ƙanwata kwance a wurin nan da na tashi.

Saura a gane wace rulma ce, don ba guda ɗaya ba ce a ciki. Baba ya ce dole a ɗaga bayan motar, a sa ta giya tayoyi suna juyawa a sama, wani ya shiga ƙasa ya saurara. Shi ba ya ji. Inna ba ta iya durƙuso. Ba sai an faɗi wanda ya rage ba.

Ya rufe ƙofar gida don kada maƙwabta su leƙo. Ya ɗaga motar da jak, ya dasa mata ƙafafun ƙarfe biyu a kan faifan katako, ya tare tayoyin gaba da bulo. Ya duba ƙaramar sandar giya ya sake dubawa, ya tabbatar tayoyin baya kaɗai ke ja, don in na gaba suka kama, motar za ta yi tsalle ne ta sauko kan wanda ke ƙasa. Ya ba ni tsohon wandonsa da rigar aiki. Da kansa ya sa Inna ta ɗaure mini kai tamau, ta tura duk bakin ɗankwalin ciki.

"Farfela ba ta san mutum ba, Uwata. In ta kama zare ɗaya, sai ta naɗe har abin da ke jikinsa."

Ya miƙo mini doguwar sukudireba, ya nuna mini wurare uku: gefen hagu na tulun, gefen dama, da bakinsa na gaba inda farfela ke shiga. In dafa tsinin a ƙarfe, in sa ƙotar a kunne. Sai a lokacin wani tunani ya faɗo mini: in na yi ihu a ƙasa, shi da ke kan sitiyari ba zai ji ba. Na faɗa wa Inna. Ta ce za ta tsaya jikin tagarsa, idonta a kan ƙafafuna.

Na yi bisimilla na ja jiki na shiga. Ƙasa da sanyin ruwan jiya, ƙarfe kuma dab da hancina, yana warin laka da tsohon mai. Injin ya tashi. Sai farfela ta fara juyi kusa da kafaɗata, a hankali, sannan da sauri har na daina ganin ƙusoshinta. Motar duka tana kaɗawa a kaina. Na riƙe sukudirebar da hannu biyu. Na dafa hagu: sautin sumul, kamar keken ɗinkin da ya sha mai. Na dafa dama: haka nan. Na matsa gaba, inda ya fi kusa da abin da ke juyawa, na dafa. Sai ƙara ta cika mini kai, ƙarar-ƙarar-ƙarar, kamar an zuba yashi a turmi ana niƙa.

Ina cikin haka na ga hasken da ke shigowa ta gefen dama yana raguwa. Katakon da ke ƙarƙashin ƙafar ƙarfen yana nutsewa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, motar tana karkatowa. Na ƙwala ihu. Injin bai tsaya ba. Na so in mirgina, na tuna farfela tana gefena, sai na ƙame ina kiran sunan Allah. Na ji Inna tana dukan ƙofar motar da hannu biyu tana kururuwa. Sannan komai ya yi tsit.

Ban san yadda na fito ba. Na dai sami kaina zaune jikin bango, bayana duk laka, Inna ta rungume kaina tana faɗa da Baba cikin Larabci da Hausa a haɗe. Shi kuwa ya durƙusa yana kallon katakon. Tayar dama saura ƙiris ta taɓa ƙasa. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Kalas, shi ke nan," ya ce. "Ba za ki sake shiga ba."

"Ba sai na sake ba, Baba. Na gaba ne. Inda farfela ke shiga."

Ya sauke motar, ya matsar da ita kan dandamalin siminti, ya kwance marfin zubar da mai da ke ƙasan tulun. Man da ya kamata ya fito baƙi-baƙi sai ya zubo kalar shayi da madara, da ɗan ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki. Ruwa ne ya shiga, ranar da muka ratsa wani kududdufi a Walia da ya kai ƙofar mota. Da ya ciro ƙaramin haƙorin da ke bakin gaba, wanda farfela ke juyawa, rulmarsa ta yi tsatsa, ta yi rami-rami. Haƙoran kansu, alhamdu lillahi, ba su karye ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo. Motar tana tsaye, cikinta a baje kan buhu, Baba yana zagaya masu sayar da kayan mota yana neman rulma daidai da tata. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai in ɗauka daga Walia aka aiko. Wata rana da hantsi maƙwabciyar ƙanwata ta zo a kan babur ta ce tun asuba ƙanwar tawa take fama da ciwon mara. Na bar ɗinki a kan keke na bi ta, ko takalmi ban sa daidai ba. A hanya ina ta lissafin wanda zan roƙa mota, ban tuna kowa ba. Na sami ƙanwata zaune kan tabarma tana riƙe da ƙugu, ciwon ya lafa. Ta ce mini, "Yaya, me ya same ki? Kin fi ni kama da mara lafiya." Ban gaya mata motar a kwance take ba.

Da Baba ya samo rulmar, ɗaurin ma bai yi shi da gaggawa ba, ni kuwa kamar in kama hannunsa in yi sauri. Ya shafa jan fenti a haƙoran babban faifan da ƙaramin haƙorin ke juyawa, ya juya da hannu, ya duba inda fentin ya goge. Ya ce ya yi gefe da yawa. Ya kwance, ya sauya wani siririn zoben ƙarfe, ya sake ɗaurawa, ya sake shafawa. Sai da gogewar ta zauna a tsakiyar haƙori sannan ya rufe, ya ɗura sabon mai. Ya kuma sa wa ɗan bututun da tulun ke shan iska ta cikinsa doguwar roba ya ɗaure ta sama, don ta nan ruwan ya shiga.

Muka koma hanyar Gaoui, na sake kwanciya a baya. Ya taka, ya saki, ya taka. Ina ta jiran sautin ya taso, har ina jin kamar ya fara, sai in gane bugun zuciyata ne da ƙarar taya. Hannuna bai tashi ba ko sau ɗaya.

A ranar Inna ta ce ita ta gaji da zaman ɗar-ɗar. Bayan la'asar muka ƙetare, ta shiga ta roƙi surukar ƙanwata, aka ba mu ƙanwar tawa da ƙullin kayanta. Baba ya hau gada a hankali har masu babura suna yi masa tsaki, ni ina riƙe da hannunta ina sauraron ƙasa.

Naƙudar ta zo mata a gidanmu, wata Laraba da rana, muna tsakiyar wankin kayan jariri. Kafin ruwan wankin ya tsane a tsakar gida muna ƙofar asibiti. Sai da aka yi mata aiki, aka ciro mace, ƙarama amma mai ƙarfin murya. Ƙanwata ta daɗe ba ta farfaɗo ba, muna tsaye a baranda ni da Inna. Da ma'aikaciyar ta fito ta ce ta buɗe ido har ta nemi ruwa, Inna ta zame ta zauna a ƙasa, ni kuma na nufi waje neman inda ake sayar da ruwan zafi.