Malam Halilu da Rabin Gwangwani

Da an sallame Asuba, Malam Halilu malamin gona yakan bi bakin magudanar ruwan da ta taso daga madatsar Goronyo zuwa gonakin Taloka. Duk inda ya ga alamar an wanke tankin feshi sai ya tsuguna, ya ɗebi ruwan da tafin hannu ya shinshina. Mutane na masa tsiya, wai malamin gona ya koma mai gadin ruwa. Tsoro yake ji, kuma ruwan nan shi mata ke ɗiba su kai gida da rani.

Tsoron nasa yana da tushe. Da aka fara shuka waken suya a cikin kututturen shinkafa ba tare da huɗa ba, sai aikin fartanya ya koma kan maganin ciyawa. Awon da kowa ya sani gwangwanin madara ɗaya ne a tanki. To amma mutanenmu ba su iya awo ba gyara. Yadda mai hatsi ke ƙara ɗan hannu bayan ya cika mudu a kasuwa, haka manomi ke tsiyaya ƙari a tanki, don kada a ce ya yi wa gonarsa rowa. Rufus, ma'aikacin ɗakin shan magani, ya sha faɗin cewa duk makon feshi ana kawo masa yara masu amai da ciwon ciki, kuma Malam Halilu ne kawai ke zuwa tambayar daga wace unguwa suke.

Abin da ya riƙa roƙo bai da yawa: a yi feshi tun ciyawa na jaririya, a zuba rabin gwangwani, a matse layin waken don ganyensa ya rufe ƙasa da wuri. Babu wanda ya yarda sai Maccido, wanda gonarsa ke manne da magudanar, shi ma don kunyar tsufan Malam ne.

Aka yi feshin. Kwana ya bi kwana, ciyawar harkiya na nan kore shar kamar ruwa aka ba ta. Duk safiya Malam Halilu kan zo ya duba gonar. Ya san in gwajin nan ya ƙi, ba rabi ba, ko gwangwani biyu ba zai ƙara isar kowa ba, kuma rarar duk cikin ruwa za ta gangara.

Wata safiya ya tarar da Maccido ya goya tanki zai ƙara feshi.

"Malam, mi kaka so in yi? Abincin ɗiyana na wanga. Ciyawag ga dariya taka yi muna."

"Maccido, aje tankin ga don Allah. Magani kaɗan ba ya da gaugawa. Ba ni zuwa Jumma'a. In ba ta mutu ba, ni da hannuna zan nome ta."

"Da wanga bayan naka?"

"Da shi."

Maccido ya sauke tankin. Daga baya ya ce ba maganar ce ta kama shi ba, rawar da muryar dattijon ke yi ce.

Ran Jumma'a tsakiyar gonar ta yi ruwan ɗorawa, ciyawa ta kwanta. Amma gefen gonar, inda ciyawar ƙiri-ƙiri ta riga ta tsufa, ko gezau. Malam Halilu bai kawo wani uzuri ba. Ya ce nan rabin bai isa ba, ya aro fartanya ya duƙa. Masu wucewa masallaci sun gan shi yana noma yana dafe ƙugu, har kunya ta sa Maccido da ƙanensa Lauwali suka karɓe. Waken ya rufe ƙasa, ya yi 'ya'ya yadda ake so, kuma a shekara ta gaba maƙwabta da dama suka rage awo.

Kai ne, Malam, mai tsoro domin 'ya'yan wasu. Kai ne ka faɗi inda dabararka ta ci, ka faɗi inda ta gaza. Allah ya saka maka da alheri, ya ba bayan nan naka lafiya.

A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma gaskiya hankalinmu bai kwanta ba. Har yanzu akwai masu ƙara gyara a tanki, kuma kwalaben magani sai ƙaruwa suke a kasuwar Goronyo. Don haka duk mai goya tanki ya yi koyi da shi: ya fesa da wuri, ya rage hannu, ya wanke kayansa nesa da ruwa. Da aka tambayi Malam ko yanzu zai huta, sai ya girgiza kai.

"Aikin na za a amshe, ba tsoron ba," in ji shi. "Jikokina can ƙasan gonar Maccido suka ɗibar ruwa."